Don Allah a ba ni shawara: dillalai uku sun ga gidanmu, kowa da kuɗin da ya faɗa

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa sayar da gida ko suka saya ta hannun dillali, don ni kam kaina ya ɗaure. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa bara, ya bar mana gida ɗaya mu biyar, mun zauna mun yanke shawara a sayar a raba kowa ya kama gabansa, kuma da yake ni ce babba ni ce kuma a kusa sai ƙannena suka ce duk abin da na yi ya yi. Toh wannan "duk abin da kika yi ya yi" ɗin shi ke hana ni barci wallahi, saboda gidan nan shi kaɗai Baba ya bari, a ciki aka haife mu gaba ɗaya, bishiyar da ya dasa da hannunsa tana nan tsakar gida, in na yi kuskure ba ni kaɗai zan cutu ba, har da autarmu da take jiran kasonta ta ƙarasa karatu.

Dillalai uku ne suka zo. Na farko dattijo ne, ya fi awa ɗaya a gidan, ya shiga kowane ɗaki yana kallon silin yana ƙwanƙwasa bango, ya auna filin, ya nemi ganin takardu, daga ƙarshe kuɗin da ya faɗa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun, kuma wai sai mun sa hannu a takarda cewa shi kaɗai zai riƙe gidan har wata 6. Gaskiya raina bai so ba.

Na biyu matashi ne mai fara'a, yana da shafi a Facebook cike da hotunan gidaje, ko ɗakunan baya bai leƙa ba ya ce gidan zai yi kuɗin da ya ɗara na dattijon da kusan kashi 20 cikin 100, har ya ce yana da mai saye a hannu yanzu haka, mu dai mu ba shi dama kawai.

Na uku abokin maigidana ne tun suna yara, shi cewa ya yi ba ya son la'ada ko kaɗan, mu faɗi abin da muke so ya shigo hannunmu, duk abin da ya hau kai nasa ne, kuma shi zai nemo min ƙaramin gida da kasona tunda ni ma saya nake son yi. Maigidana yana ganin a ba shi tunda na gida ne, ƙannena biyu kuma sun ce a ba matashin tunda shi ya faɗi kuɗi mai tsoka.

Ta yaya ake gane dillalin kirki? Me ya kamata in tambaye su? Wannan takarda ta wata 6 haka ake yi ko wayo ne? Kuma ya dace mutum ɗaya ya sayar min ya kuma saya min? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Dillali ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku ya kai haske kabarinsa, ya sa albarka a abin da ya bari. 'Yata, shekara 22 na yi a wannan sana'a kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni, don haka zan faɗa miki yadda abin yake daga ciki, ko da 'yan uwana dillalai ba za su ji daɗi ba.

Bari in fara da matashin. Dillali ba shi ke sa wa gida kuɗi ba, mai saye ne ke sawa ranar da ya ciro kuɗinsa. Duk abin da dillali ya faɗa miki a tsakar gida magana ce kawai, ba ta cin masa komai. Akwai wata dabara da kowa a sana'ar ya sani, idan ka ga gida mai kyau kuma ka san akwai wasu dillalan da suka zo kafin kai, sai ka faɗi kuɗin da ya fi na kowa don a ba ka gidan, in an ba ka sai ka yi shiru sati 3 ko 4 sannan ka dawo da fuskar tausayi ka ce Hajiya kasuwa ta mutu fa, masu saye ba sa motsi, sai dai a rage, a rage yau a rage gobe har a sauko inda dattijon can ya faɗa tun farko, wani lokacin ma ƙasa da haka. Dalilin da ya sa ake faɗawa ƙasa kuwa shi ne gida yana da lokacinsa, makonnin farko da ya fito kasuwa su ne masu albarka, a lokacin ne masu saye na gaske da suka daɗe suna nema suke rububinsa. In suka zo suka ji kuɗin ya wuce hankali sai su wuce su sayi wani. Bayan wata 4 ko 5 gidan ya zama tsohon labari, duk wanda ya zo abin da zai fara tambaya shi ne me ya sa har yanzu ba a saya ba, akwai rigima ne, sai ya taya shi tayin wulaƙanci. Na ga wannan ya faru ba sau ɗaya ba ba sau goma ba.

Ban ce yaron maƙaryaci ba ne, ban san shi ba. Amma gwada shi ba wuya. Ki ce da shi, ki kuma ce da sauran biyun, kowa ya kawo miki gidaje 3 a yankinku masu kama da naku a girman fili da yawan ɗakuna da shekarun gini, waɗanda aka riga aka sayar cikin wata 6 da suka wuce, da kuɗin da aka sallama su a kai. Ki lura da kyau, na ce kuɗin da aka sallama, ba kuɗin da aka sa musu ba, don waɗannan abubuwa biyu ne daban, kowa na iya sa wa gidansa abin da ya ga dama. Wanda ya san aikinsa zai kawo miki wannan cikin kwana biyu har da bayanin me ya sa wancan ya fi naku ko naku ya fi shi. Wanda bai sani ba zai ce ke dai ki yarda da ni.

Maganar yana da mai saye a hannu kuma, madalla, ya kawo shi cikin satin nan. A rubuta sunan mutumin a 'yar takarda, cewa in wannan mutumin ya saya la'adarka kaza ce. Ba sai an ba shi gidan gaba ɗaya ba kafin ya kawo mutum ɗaya.

Yanzu abokin maigidanki, shi ne ya fi tsorata ni a cikin ukun, kuma ba don shi mugu ba ne, tsarin da ya kawo ne mugu. Ki duba, shi ya san kasuwa ke ba ki sani ba. In ribarsa ita ce tazarar da ke tsakanin abin da kika faɗa da abin da mai saye ya biya, toh duk lokacin da kika faɗi ƙasa shi ne ya ci riba, kenan wanda kika ɗauka ya ba ki shawarar farashi shi ne mutumin da zai fi kowa amfana in kika yi kuskuren farashin. Kuma a irin wannan ciniki ba zai taɓa bari ki haɗu da mai saye ido da ido ba, don kada ki ji ainihin kuɗin. Ana iya sayar da gidanku a ba ku abin da kuka nema ku yi ta godiya da sa albarka, sai bayan shekara ki ji a bakin maƙwabta nawa aka biya, daga nan zumunci ya lalace tsakanin gidaje biyu har abada. In yana son ya taimaka tsakani da Allah, ya yarda da la'ada sananniya a rubuce kaman kowa.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi wa kanki game da duk wanda za ki ɗauka: in ya yi wata 2 bai tsinana komai ba, zan iya buɗe baki in ce ya ba ni takarduna? In kunya ba za ta bar ki ba, kada ki fara.

Dattijon kuma ban wanke shi ba tukuna. Shiga ɗakuna da neman takardu alama ce mai kyau, amma akwai masu karya farashi don gida ya fita da wuri su karɓi nasu, akwai ma masu karyawa don wani nasu ya saya. Shi ma ya kawo gidajensa 3. Wata 6 ya yi yawa, ki ce wata 3, in kun ga aiki ku sabunta. Sannan ki karɓi lambar mutum biyu na ƙarshe da ya sayar wa gida, ki kira su da kanki, ki tambaye su abu ɗaya, yana ɗaga waya bayan an sa hannu?

Mai Sabon Gida ya rubuta:

Yaya Allah ya ba ku haƙuri. Baba Tsohon Dillali ya gama magana a kan sayarwa, ni ta ɓangaren saye zan ce wani abu don na sha a jikina. Shekara 3 kenan na sayi gida ta hannun wani dillali, mutum ne mai daɗin baki, kullum yayana yayana, ni a zatona nawa ne tunda ni na neme shi kuma ni zan biya shi, ashe shi ɗin dai shi mai gidan ya ba gidan kuma a can ma akwai kason da zai karɓa, ni ban sani ba sai ranar biya.

Ranar da ya kai ni da tsakar rana ne ana zafi, duk tagogi a buɗe, na lura ɗaki ɗaya an yi masa sabon fenti daga ƙasa zuwa kaman tsayin gwiwa kawai, sama kuma tsohon fenti, sannan akwai wata ƙatuwar durowar kaya jingine da bangon alhali gidan babu kowa an kwashe komai. Na tambaya ya ce yara ne suka ɓata bangon da zane, durowar kuma kyauta mai gidan ya bar min. Na ce zan zo da injiniya ya duba, nan take ya ce wallahi akwai wani da zai zo da kuɗi hannu da yamma, in ina so in ajiye kafin alƙalami yanzu ko in rasa. Zuciyata ta riga ta shiga gidan, matata ta riga ta zaɓi ɗakinta, na biya. Ruwan sama na farko da aka yi bayan mun tare muka ja durowar nan, bango jiƙe sharkaf har fentin yana ɓarewa a hannu, ga wari, ashe ruwa ne ke taruwa a bayan ginin yana tsotsowa ta ƙasa. Abin da na kashe a gyara har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, na kira dillalin ya ce ai shi ba magini ba ne.

Abin da na koya, wanda ke nuna miki gida ki tambaye shi kai tsaye tun a waya: wa kake wa aiki a gidan nan, kuma wa da wa za su biya ka? In mai gida ne ya ɗauke shi toh na mai gida ne ko da ya kira ki Hajiyata sau ɗari. Mutum ɗaya ba zai iya nema wa mai sayarwa kuɗi mafi yawa kuma a lokaci guda ya nema wa mai saye rangwame mafi yawa ba, dole ɗaya ya sha ƙasa. Kuma kada ki taɓa faɗa masa iyakar abin da za ki iya biya, don kafin ki isa gida maganar ta isa kunnen mai gidan. Wannan ne ma ya sa ban so abokin maigidanki ya riƙe duka biyun ba, ya san daidai nawa ne kasonki, toh gidan da zai nemo miki kuɗinsa zai zo daidai da kason nan cif, ki rubuta ki ajiye.

Injiniya ko magini ke za ki nemo naki, kada ki karɓi wanda dillali ya kawo. Ki je gidan sau biyu ko uku, da safe, da dare, in da hali bayan an yi ruwa, ki buɗe famfo ki kunna wuta ki matsar da duk abin da aka jingina a bango, ki kuma tsaya ki gaisa da maƙwabta ba tare da dillalin yana tsaye a kanki ba. Duk wanda ya ce sai yau sai yanzu, ki bar masa gidansa.

Anti Mai Fayil ta rubuta:

'Yar uwa sannu da ƙoƙari, riƙon amanar 'yan uwa ba ƙaramin abu ba ne. Ni ba lauya ba ce amma na daɗe ina aiki a ofishin lauyoyi, rigingimun gida da dillalai kusan kullum sai sun ratsa teburina, kuma mafi yawansu daga abu ɗaya suke tasowa: an yi magana da baki, kowa ya tafi da abin da ya fahimta.

Takardar da dattijon ya nema ba wayo ba ce a karan kanta, haka ake yi a ƙasashe da yawa, kuma tana da amfani gare ki don dillalin da ya san shi kaɗai ke riƙe da gida shi ke kashe kuɗinsa da lokacinsa a talla, in kuwa dillalai da yawa ne a kai kowa sai ya yi ta sauri ya riga ɗan uwansa, gidan ya yi ta yawo a waya da farashi kala kala har masu saye su fara zargi. Amma abin da ke cikin takardar shi ne magana. Irin wannan yarjejeniya iri biyu ce kuma mutane ba sa bambancewa. Akwai wadda ke cewa ba za ki ba wani dillali ba amma in ke da kanki kika samo mai saye, misali maƙwabcinku ya ce yana so, ba za ki biya la'ada ba. Akwai kuma wadda ke cewa duk wanda ya saya a cikin wa'adin, ko ta hannun wa, sai kin biya shi. Ki san wacce kike sa wa hannu. In akwai wanda ya riga ya nuna sha'awar gidan tun kafin dillali ya zo, a rubuta sunansa a cire shi daga ciki.

Sai ki duba yaushe la'adar take zama wajibi. Ki dage a rubuta cewa sai ciniki ya kammala kuɗi sun shiga hannunku, don akwai takardun da ke cewa da zarar ya kawo mai saye da ya shirya ya ci la'adarsa ko da cinikin ya watse daga baya. A rubuta kashi nawa ne, ko akwai haraji a kai, kuɗin hoto da talla wa zai biya, in wani dillalin ya kawo mai saye su biyun za su raba kason ne ko ƙari za a nema a wajenku. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa da yadda za ki fita in bai yi aiki ba. Akwai kuma wani layi da ake sakawa can ƙasa, cewa in wanda ya taɓa kawowa ya dawo ya saya bayan wa'adi ya ƙare zai karɓi la'adarsa, wannan adalci ne amma a sa masa iyakar lokaci kuma ya ba ki sunayen a rubuce, in ba haka ba sai ki wayi gari dillalai biyu na neman la'ada a kan gida ɗaya. Kuma la'ada ana cinikinta kaman komai, kada wani ya ce miki ai haka take ba a taɓawa.

Wasu ƙasashen sun mai da waɗannan abubuwa doka saboda yawan cutar da aka yi. A Ingila dokar dillalan gidaje ta 1979 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun wajabta wa dillali ya bayyana kuɗinsa a rubuce kafin a ƙulla, ya isar wa mai gida duk tayin da aka yi a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba, ya kuma faɗa in shi ko wani nasa yana da hannu a sayen. A Amurka a watan Maris na 2024 babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ta amince ta biya dala miliyan 418 don kashe ƙararrakin da masu sayar da gidaje suka shigar a kan yadda ake tsara la'ada, kuma daga 17 ga Agusta na shekarar mai saye sai ya sa hannu a takarda da dillalinsa, wadda ta faɗi nawa za a biya shi, kafin ya fara zagayawa da shi gidaje. Tsarin nan na abokin maigidanki na duk abin da ya hau nawa ne, jihohi da yawa a can sun haramta shi, wasu kuma sun hana dillali ɗaya ya wakilci mai saye da mai sayarwa a ciniki guda. Ko da dokar inda kike ba ta ce komai ba, babu abin da ya hana ki sa waɗannan sharuɗɗan a takardarki. In kuma akwai hukumar da ke yi wa dillalai rajista ko ba su lasisi a wajenku, ki nemi lambarsa ki bincika da kanki.

Abu biyu na ƙarshe kuma don Allah ki riƙe su. Asalin takardun gida ba a ba dillali, kwafi ake ba shi. Kuɗin gida kuma ba ya bi ta akawun ɗin dillali, daga mai saye zuwa asusun da ku magada kuka amince da shi ko ta hannun lauyanku, sannan a cire la'ada a ba shi da rasit. In saƙo ya shigo ana gab da biya cewa an canza lambar akawun, kada a tura ko sisi sai an kira mutumin a lambar da aka saba an ji daga bakinsa, 'yan damfara sun ƙware a wannan. Kuma tunda gado ne, ƙannenki huɗun nan su ba ki wakilci a rubuce da mafi ƙarancin kuɗin da suka yarda a sallama, kowa ya sa hannu, wannan kariya ce gare ki ranar da wani zai ce ai shi ba a tambaye shi ba.

Ɗalibin Tattalin Arziki ya rubuta:

Anti Maman Biyu ga ɗan lissafi da zai taimaka. A ce la'ada kashi 5 ce, gidan kuma a ce kuɗinsa 100 don sauƙi. In an sayar 100 dillali ya samu 5, in an sayar 95 ya samu 4.75, kenan ku kun yi asarar kusan 5 shi kuma kwata kawai ya rasa, in ma yana rabawa da wani dillalin ko da kamfaninsa abin da ya rasa bai kai haka ba. Toh me zai sa ya ƙara wata guda yana zirga zirga saboda kwata? Shi ya sa za ki ji yana cewa Hajiya a sallama kawai wannan tayin ba zai dawo ba.

Masana biyu a Jami'ar Chicago, Steven Levitt da Chad Syverson, sun duba cinikin gidaje kusan 100,000 a jihar Illinois ta Amurka, sakamakon ya fito a 2008, suka ga in dillali gidansa na kansa yake sayarwa yakan bar shi a kasuwa kusan kwana 10 fiye da na kwastoma kuma ya sayar da tsadar kusan kashi 3.7 cikin 100. Akwai wani gwajin kuma na 1987 da Northcraft da Neale suka yi a Arizona, suka zagaya da dillalai gida ɗaya amma kowane rukuni an nuna masa kuɗin da aka sa wa gidan daban a takarda, waɗanda aka nuna wa babban farashi suka yi wa gidan ƙima sama, waɗanda aka nuna wa ƙarami suka yi ƙasa, kuma yawancinsu ba su yarda cewa lambar ta ja su ba. Don haka kada ki fara faɗa wa dillali abin da kuke so ko abin da wani dillalin ya faɗa, bari kowa ya faɗi nasa da hujjarsa. In da hali ma ku biya mai ƙiyasta darajar gida mai zaman kansa, wanda kuɗin aikinsa ba ya rataye da a sayar ko kar a sayar.

Tsohon Dillali ya rubuta:

Ɗana lissafinka daidai ne ban musa ba. Amma a yi mana adalci kaɗan, dillali yana iya jira da gidansa don babu magada biyar da ke kiransa safe da yamma suna cewa yaushe za mu ga kuɗi. Sau da yawa gaggawar daga masu gida take fitowa, kuma na sha ganin an ƙi tayi mai kyau a satin farko ana jiran wanda ya fi, aka ƙare da sayarwa ƙasa da shi bayan wata 8. 'Yata ku fara daidaita kanku, wa ke da buƙatar gaggawa a cikinku, har yaushe za ku iya jira. Maganin lissafin yaron nan kuma akwai shi, na yi aiki da shi kuma yana ci: a ce la'ada kaza ce har zuwa farashi kaza, abin da ya haura wannan kuma kasonsa a cikin ƙarin ya fi girma, amma komai a bayyane kina zaune mai saye na zaune ana faɗin kuɗi. Sai ki ga dillali ya tashi tsaye.

Maman Biyu ta rubuta:

Wallahi na rasa bakin godiya, Baba, Anti, da ku 'yan uwa Allah ya biya ku da gidan aljanna. Na karanta wa maigidana duka jiya da dare, da aka zo labarin durowar nan shiru ya yi, da safe da kansa ya kira abokinsa ya ce masa magada sun ce sai dai la'ada a rubuce, ya ce zai yi tunani, har yanzu dai bai kira ba.

Na nemi gidaje 3 daga wajen sauran biyun. Dattijon ya kawo huɗu a takarda da rubutun hannunsa, ya nuna min ɗaya da ya fi namu tsada ya ce saboda shi yana bakin titi ne kuma an sake masa rufi, ya yarda da wata 3, amma ya ƙi rage la'ada ko kaɗan, ya ce aikinsa kenan. Na kira mutum ɗaya cikin waɗanda ya sayar wa, matar ta ce yana ɗaga waya amma ba ya iya hoto da talla a intanet ko kaɗan, ɗanta ne ya ɗauki hotunan. Matashin ya turo min hotunan gidaje 5 a WhatsApp, da na tambaya sai ya zamana huɗu ba a ma sayar da su ba tukuna, amma mai sayen nasa gaskiya ne, ya ce zai kawo shi ranar Asabar, na ce ya turo sunansa a rubuta kaman yadda Baba ya ce. Takardar wakilci kuma ƙannena uku sun sa hannu saura ɗaya da ke nesa.

Anti Mai Fayil tambaya ɗaya ta rage, in na sa hannu da dattijon kafin Asabar, sunan mutumin matashin zan sa a cikin waɗanda aka cire, ko in jira a ga yadda Asabar ɗin za ta kaya tukuna?

Anti Mai Fayil ta rubuta:

Ki jira Asabar, kwana huɗu ba za su rage wa gida komai ba, kuma kafin nan sa hannun ƙaninki ya iso. In mutumin ya zo ya taya kada ki amsa a tsaye, ki ce a rubuto tayin za ki kai wa magada. In bai yi ba ki sa hannu da dattijon ranar Litinin da sunan mutumin a cikin waɗanda aka cire, hotuna kuma a rubuta a takardar wa zai ɗauka wa zai biya, ki ga hotunan da idonki kafin a saka su ko'ina.